Rage Ƙiba Mai Ɗorewa: Daga Zuciya Ake Farawa

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata matsala ce da ke damun matan aure da yawa, musamman 'yan uwanmu na yankin noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam. Mace za ta ɗaura ɗamara ta rage ƙiba, ta hana kanta abinci har ta ga ta faɗa, amma kafin shekara ta zagayo jikin ya dawo, wani lokaci ma har ya ɗara na da. Daga nan sai ta yanke ƙauna, ta ce ai ita haka Allah Ya yi ta, alhali gwiwa na ciwo, numfashi na sama-sama, likita kuma ya fara maganar hawan jini da ciwon suga.

Abin da muke so mu fahimta a yau shi ne, galibi ba a tukunya ake faɗuwa wannan jarrabawa ba, a tunani ake faɗuwa. Yadda uwargida ta ɗauki ƙibar, da dalilin da ya sa take son rage ta, da abin da take gaya wa kanta ranar da ta yi tuntuɓe, su ne ke nuna ko aikin zai ɗore ko ba zai ɗore ba.

Ina ƙibar ta fito?

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ne ruwa ke gangarowa ta Ruwan Kanya, ya bi manyan hanyoyin ruwa zuwa gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta 22,000. Wannan babbar ni'ima ce, domin ƙasar da a da ake noma ta sau ɗaya a shekara ta koma ba da shinkafa da damina, da rani kuma alkama, tumatir, albasa da masara.

To amma ni'imar ta sauya mana kwanon abinci da kuma aikin gida. Iyayenmu mata gero da dawa suka sani. Su yi surfe, su yi daka, su yi niƙa a dutse, su ja ruwa a rijiya, shinkafa kuwa sai ranar sallah ko biki. Yanzu a gidaje da dama shinkafa ce da rana, tuwon shinkafa da dare, da safe gurasa ko taliya ko fanke da shayi mai zaƙi. Injin niƙa ya karɓi aikin dutse, injin casa ya karɓi na turmi, famfon burtsatse ya karɓi na guga, unguwa kuma a babur ko a-daidaita-sahu ake zuwa. Abinci ya ƙaru, motsi ya ragu. A haɗa da haihuwa a kai a kai: cimar jego da ya kamata ta tsaya bayan arba'in sai ta zama cimar kullum, kafin jiki ya koma kuma wani cikin ya shiga.

Kin ga ke nan ƙibarki ba lalaci ba ce, kuma ba abin kunya ba ce. Rayuwa ce ta sauya. Ba kuma mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙiba mai yawa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma ramammu ne. Saboda haka wannan darasi ba na kowace mace ba ne. 'Yar uwar da ke yini a bakin wuta tana turara shanshera tana shanya, jikinta ba nama, ita ƙarin abinci mai gina jiki take buƙata.

Hanya mafi sauƙi ta gane inda kike ita ce ki ari tef ɗin tela ki auna cikinki tsakanin ƙasan haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, ba tare da kin shanye ciki ba. Idan ya kai santimita 80, wato kusan inci 31 da rabi, to a fara lura. Idan ya kai santimita 88, wato kusan inci 35, haɗarin ciwon suga da hawan jini ya ƙaru sosai, domin kitsen tumbi ya fi na cinya da na ƙugu illa.

Me ya sa take dawowa?

Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da kariya daga yunwa. Idan aka yanke masa abinci farat ɗaya, ɗauka yake yi fari aka shiga, sai ya rage yawan ƙarfin da yake ƙonewa, ya kuma ƙara wa mai shi jin yunwa. A Amurka an taɓa bin sawun mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a 2009. Cikin mako 30, a tsaka-tsaki, sun zubar da kimanin kilo 58 kowanne ta hanyar horo mai tsanani. Da aka sake auna su bayan shekara 6, sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna kimanin kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu yana ƙone kalori kusan 500 ƙasa da yadda ya kamata a kowace rana, wato kwatankwacin farantin shinkafa guda.

Maigidanki manomi ya san wannan a gonarsa. Ba ya sakar wa fangalin tumatir ruwan wata guda a rana ɗaya don ya huta, domin saiwa za ta ruɓe. Buɗe ruwa yake yi daidai gwargwado, ya rufe, ya dawo bayan 'yan kwanaki, haka har a kai kwando Kwanar Gafan. Jiki ma haka yake son a bi da shi. Bari mu duba tunani guda biyar da sai an gyara su kafin a taɓa tukunya.

Na ɗaya: "Ƙiba ita ce hutu"

A al'adarmu idan amarya ta yi wata shida ba ta murje ba, sai dangi su fara tambaya ko mijin ba ya ciyar da ita. Idan matar aure ta faɗa kaɗan, ranar suna za ta ji ana cewa, "Wance lafiya kuwa? Ko kishiya ce ta sa ki gaba?" Wannan magana ta karya wa mata da yawa gwiwa bayan sun fara ganin nasara. Ita ce kuma ke tura wasu shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Wasu daga cikinsu, irin su deksametason, magungunan asibiti ne masu ƙarfi da aka yi don wasu cututtuka. Idan aka daɗe ana shan su suna kumbura fuska da ciki, su tayar da suga da hawan jini, su raunana ƙashi. Wadda ta riga ta daɗe tana sha kada ta daina farat ɗaya, ta je asibiti a rage mata a hankali.

Ki tanadi amsarki tun kafin a tambaye ki: "Lafiya ƙalau, don gwiwata nake yi." Alamar kulawar miji ita ce lafiyarki da kwanciyar hankalinki. Matar da take iya yin ruku'u da sujada ba tare da dafa bango ba, ta goya ɗanta ta zaga gida ba haki, ita ce mai hutu.

Na biyu: Don wa kike yi?

Mun sani a karatunmu cewa kowane aiki yana tafiya ne da niyyarsa, kuma wannan ma haka ne. Wata don bikin ƙanwarta take yi, ta shiga ɗinkin anko. Wata don ta ji ƙishin-ƙishin maigida zai ƙara aure. Wata kuma gorin da aka yi mata ne ya ƙona mata rai. Duk waɗannan dalilai suna da ranar ƙarewa. Biki zai watse, amarya za ta tare ko a fasa, zafin gori zai huce, daga nan kuma sai a koma gidan jiya.

Niyyar da ba ta ƙarewa ita ce ta riƙon amana. Jikin nan aro ne a hannunmu, kuma aya ta 31 a Suratul A'arafi ta halatta mana ci da sha tare da hana mu wuce iyaka. Yin ado da gyara jiki don miji abu ne mai kyau da lada, amma ki sa shi a bayan wannan. Ki zauna ki faɗa wa kanki dalilinki a fili: ina son in yi sallata a tsaye har tsufana, ina son in yi ɗawafi da ƙafata idan Allah Ya kira ni, ina son in ga auren autata ba a kan gadon asibiti ba. Idan kina rubutu, ko da boko ko da ajami, ki rubuta ki ajiye inda za ki riƙa gani.

Na uku: "Sai na koma kamar ina budurwa"

Babban buri shi ke kawo saurin karaya. Matar da ta haifi shida, mai kilo 90, idan ta ce sai ta koma kilo 55 na ranar aurenta, to duk abin da ta samu ƙasa da haka za ta gan shi a matsayin faɗuwa. Alhali likitoci ba haka suke lissafi ba. A wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, an ɗauki mutum 3,234 waɗanda ke dab da kamuwa da ciwon suga. An nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin 100 kacal na nauyinsu, su kuma yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako. Cikin kimanin shekara 3, kamuwa da ciwon suga ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100, yayin da rukunin da aka ba maganin suga ta ragu da kashi 31.

Yi lissafi da kanki. Kashi 7 na kilo 90 bai wuce kilo 6 da ɗoriya ba. Idan ana rage rabin kilo a mako, aikin wata uku ne zuwa huɗu. Wataƙila ma maƙwabta ba za su lura ba, amma jininki da gwiwarki za su shaida. Ki fara kai wannan, ki riƙe shi wata shida, sannan ki duba ko za ki ƙara. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Na huɗu: "Tunda na karya, shi ke nan"

Wannan shi ne ramin da ya fi cin mata. Uwargida ta yi mako uku tana kiyayewa, sai aka yi suna a maƙwabta, ta ci waina da miyar taushe, ta ƙara da cincin da lemon kwalba. Washegari sai ta ce ai ta riga ta ɓata, bari ta ci abinta, ta sake farawa bayan sallah. Masu bincike a Jami'ar Okusfod ta Ingila sun gano a farkon shekarun 2000 cewa irin wannan tunani na ko duka ko babu yana cikin manyan alamomin waɗanda ƙibarsu ke dawowa.

Yini ɗaya ba ya gina ƙiba, ba ya kuma rushe aikin mako uku. A wani bincike da aka yi a Landan, wanda ya fito a 2009, an bi mutum 96 da ke ƙoƙarin koyon sabuwar ɗabi'a ta ci, sha ko motsa jiki. An ga cewa a tsaka-tsaki sai da aka yi kwana 66 kafin abin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun haura 250. An kuma ga cewa tsallake rana ɗaya bai rushe ɗabi'ar ba. Ke da kika makara sallar asuba, ai ba kya cewa tunda haka ne kin bar azahar da la'asar. Tashi kike yi ki rama ki ci gaba. To ranar da kika zarce a gidan biki, abincin da ke biye kawai za ki gyara, ba tare da horar da kanki da yunwa ba. Nana A'isha (RA) ta ruwaito, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, cewa aikin da ake dawwama a kansa ko da ƙanƙane ne ya fi soyuwa a wurin Allah.

Na biyar: Yunwar ciki ko ta zuciya?

Ba duk cin da muke yi ne na yunwa ba. Akwai na ɓacin rai, bayan an yi sa-in-sa da maigida ko abokiyar zama. Akwai na kaɗaici, idan yara sun tafi makaranta gida ya yi tsit. Akwai kuma na "kada a yi asara", inda uwa ke share ragowar kwanon kowane yaro, ta kankare ƙanzo, ta ɗanɗana awarar sayarwa tun daga kaskon farko har na ƙarshe. Gudun almubazzaranci abu ne mai kyau, sai dai cikinki ba mazubin ragowa ba ne. A rage awo tun wajen ɗora tukunya, abin da ya saura a rufe don ɗumame ko a miƙa wa mabuƙaci.

Kafin ki kai hannu, tambayi kanki: cikina ne ke kira ko raina ne ya ɓaci? Idan rai ne, sha ruwa, yi alwala, fita tsakar gida ki zaga, ko ki kira 'yar uwa ku gaisa. Ki ba shi minti goma, sau da yawa kwaɗayin zai wuce. Idan kuwa damuwar ta yi nauyi har tana hana ki barci, wannan kanta lalura ce da ke buƙatar a gaya wa ma'aikacin lafiya.

To me za a yi a aikace?

Tun 1994 wasu masana biyu a Amurka, Rena Wing da James Hill, suka buɗe rajistar mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da rabi suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye. Mutanen sun haura 10,000. Ba a same su da wani sirri ba. Yawancinsu suna karya kumallo kullum, suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, suna kuma motsa jiki kusan awa guda a rana, galibi tafiya a ƙasa. Ga yadda za mu juya wannan zuwa gidajenmu. Ki ɗauki ɗaya ko biyu ki fara, idan sun zauna ki ƙara.

1. Ki raba farantinki. Rabi ganye da kayan lambu, kwata shinkafa ko tuwo, kwata wake, kifi, ƙwai ko nama. Mu da kabeji, latas, karas, gurji, tumatir, zogale, rama da alayyahu ke fitowa a bayan gidanmu, mun fi matan birni samun sauƙin wannan.

2. Kada ki ce kin daina cin shinkafa, domin ba za ki iya ba a garin da ita ce abinci kuma ita ce sana'a. Idan mara uku kike ci, koma biyu. Shinkafarmu ta gida da aka turara ta fi fara tas da ba a turara ba amfani a jiki. Ki haɗa ta da wake, ki kuma dawo da tuwon dawa, dambu da fate wasu ranaku.

3. Ki auna mai da cokali maimakon tsiyayawa daga kwalba, musamman a garau-garau, ɗanwake da kwaɗo.

4. Ki kula da abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin cokalin shayi 12, in ma da hali 6. Kwalbar lemo guda tana iya ɗaukar kusan cokali 9. Zoɓo, kunun aya da fura ma sukarin da muke zuba musu ne matsalar. Ki riƙa rage rabin cokali duk mako har harshe ya saba.

5. Ki ci a zaune, a faranti naki, a hankali, ki tashi kafin ciki ya cika. Hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib da Tirmizi ya ruwaito ya koyar da kasa ciki uku tsakanin abinci, ruwa da numfashi.

6. Ki yi tafiyar minti 30 kwana biyar a mako. Wadda ba ta fita tana iya zaga tsakar gida minti goma bayan asuba, goma bayan la'asar, goma bayan isha'i. Mai zuwa Islamiyya ta tafi da ƙafa tare da maƙwabtanta idan babu nisa. Babu abin kunya a ciki: Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci da jikinta ya yi nauyi suka sake shi kuma ya wuce ta.

7. Ki auna cikinki da tef sau ɗaya a wata, ki hau sikeli duk lokacin da kika je awo ko rigakafin yara, ki rubuta.

Ki kuma jawo maigida cikin lamarin da lafazi mai daɗi, tunda shi ke cefane, kuma sau da yawa shi ma tumbin yana nan. Idan tukunyar gida gaba ɗaya ta gyaru, ba sai kin yi girki biyu ba, yara ma sun tashi da kyakkyawan sabo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gargaɗi

Mai ciki ba ta rage ƙiba, sai dai ta kyautata abin da take ci. Mai shayarwa ta bari nono ya kafu, kamar bayan wata biyu, sannan ta bi a hankali. Mai shan maganin suga ko na hawan jini ta fara shawartar likita, domin idan nauyi ya ragu akan buƙaci a gyara maganin. Wadda kuma ta ga tana ramewa haka kawai, ga yawan ƙishirwa da fitsari, ta gaggauta zuwa gwajin suga.

A guji shayi da ƙwayoyin rage tumbi da ake tallatawa a waya da gidajen biki. Da yawansu gudawa da fitsari suke sa wa, ruwa ne ke fita, kitse yana nan. An sha samun wani sinadari mai suna sibutiramin a ɓoye cikin irinsu, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hatta alluran zamani irin su Wegovy, waɗanda likitoci ke rubutawa kuma suna aiki, binciken 2022 ya nuna waɗanda suka daina sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda. Azumin Ramadan ma ibada ce, ba maganin ƙiba ba. Ɗan abin da aka rage cikinsa yakan dawo 'yan makonni bayan sallah, balle idan buɗa-baki ya zama ramuwar gayya da soye-soye.

Tambayoyi don tattaunawa a majalisi

1. A cikin tunani biyar ɗin nan, wanne ya fi kama da naki?
2. Wace magana ce mu kanmu muke faɗa wa amarya ko mai jego da ke tura ta neman ƙiba?
3. Wane abu ɗaya za ki fara daga wannan Juma'a, wanda kike ganin za ki iya ci gaba da shi har baɗi war haka?
4. Wace 'yar uwa za ki zaɓa ku riƙa tuntuɓar juna duk mako?

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a kuma zo da tef ɗin tela majalisi domin mai so ta auna a keɓe, ba tare da tsokana ko gori ba. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu yi ibadarmu da ƙarfinmu har ƙarshen rayuwa, Ya yi wa zuri'armu albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum warahmatullah.